Yadda nake naɗa dogon gashi mai santsi ya kai dare ranar biki

Ƙanwata tana da irin gashin nan da mata ke juyowa su ƙara kallo: dogo ya kusa kugu, miƙaƙƙe, ga santsi kamar an shafa masa mai. Ranar bikinta na ce ba wanda zai taɓa mata kai sai ni. Na yi awa 2 a tsaye ina naɗa shi da ƙarfen naɗa gashi mai zafi, da na gama kowa a ɗakin sai da ya yaba. Kafin a gama ɗaukar hotunan farko naɗin ya fara saki. Lokacin da ta zauna a gaban jama'a ba abin da ya rage sai ɗan lanƙwasa a jelar gashin, kamar wadda ta tsefe kitso shekaranjiya. Ba ta ce min uffan ba, don ita ba mai yawan magana ba ce, amma har yau in aka fito da hotunan nan sai na kawar da kai.

Daga baya na zauna na lissafa abin da na yi ranar. Na wanke mata kai da safe na lafta kwandishina har fatar kai. Na ɗauki ƙarfe mafi kauri da nake da shi, wai ina son manyan naɗi. Duk naɗin da na zare daga ƙarfe sai na sake shi ya rataya da zafinsa. Ina gamawa kuma na bi shi da buroshi. Kuskure huɗu ke nan, kowanne shi kaɗai ya isa ya ɓata aiki, amma na ukun ne babba. Tun daga lokacin na gyara kawuna da yawa masu irin wannan gashi, kuma abin da zan faɗa miki a nan shi nake yi har yau.

Abin da ke riƙe naɗi

Ki ba ni minti biyu a kan wannan, domin in kin gane shi sauran bayanin ba sai kin haddace ba.

Silin gashi an gina shi ne da wani sinadari mai suna keratin, irin wanda ke cikin farce. A cikinsa akwai ɗaure-ɗaure da ke riƙe shi a siffarsa. Wasu masu ƙarfi ne, ba abin da ke kwance su sai maganin sinadari. Wasu kuma masu rauni ne amma suna da yawan gaske, masana na kiransu ɗaurin haidurojin. Waɗannan ruwa yana kwance su, zafi ma yana kwance su. In gashi ya bushe ko ya huce, sai su sake ƙulluwa a duk siffar da suka tarar da shi a ciki.

To ki duba abin da ke faruwa. Kin naɗa gashi a jikin ƙarfe, zafi ya sassauta ɗaurin, gashi ya yi laushi ya bi ƙarfen. Kina zare shi yana nan da zafinsa, ɗaurin bai ƙullu ba tukuna. In kin sake shi ya rataya, nauyinsa zai ja shi ƙasa, ya huce a miƙe ko kusa da haka, a nan kuma zai ƙullu. Ƙarfe lanƙwasawa kawai yake yi. Hucewa a naɗe ita ce ke ɗaure naɗin. Mai gajeren gashi tana iya yin sakaci da wannan ta sha, don gashinta ba shi da nauyin da zai ja kansa. Mai gashi har kugu ba ta da wannan gata.

Wannan dai shi ya sa danshi yake gaba da naɗi. Tururin banɗaki, zufar ƙeya, laimar iska in hadari ya haɗo, duk ruwa ne, kuma gashi yana shan sa daga iska ya koma siffar da aka haife shi da ita.

Naɗa gashi da zafi ba sabon abu ba ne. Wani mai gyaran gashi ɗan Faransa, Marcel Grateau, ya yi suna tun wajen 1872 da ƙarfen da ake ɗorawa a wuta, ana gwada zafinsa a jikin takarda kafin a kai shi kan mace. Mu yanzu mun samu na lantarki mai lambar saita zafi, amma gashin bai canza hali ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Sati 3 ko 4 kafin biki ki yi gwaji cikakke, da kayan da za ki yi amfani da su ranar, a hannun wadda za ta yi miki ranar. Ki duba agogo ki san tsawon lokacin da aikin ya ci. Sannan kada ki zauna ki naɗe hannu. Ki fita, ki shiga mota, ki yi zirga-zirga, ki ɗan yi gumi. Duk bayan awa 2 ki ɗauki hoton kanki ta gaba da ta baya. Hoton awa 6 shi ne gaskiyar gashinki. Daga shi za ki gane ko ƙarfen ya yi kauri, ko kumfar da ake shafa wa gashi don riƙe naɗi ta yi kaɗan, ko gefe ɗaya ne ke saurin saki. Kusan kowa tana da gefen da ya fi taurin kai. Ƙanwata na hagu ne.

A wannan lokacin ne kuma ya kamata a duba jela. Gashi yana tsiro kimanin santimita 1 ko ɗan fiye da haka a wata, don haka in gashinki ya kai santimita 60, ƙarshensa ya yi shekara 4 zuwa 5 a kanki yana shan rana da mataji da zafi. In ya tsattsage, ki sa a datse kaɗan. In kuma kin yarda a ɗan yi masa hawa-hawa, wato na sama ya fi na ƙasa gajarta kaɗan, nauyi zai ragu sosai kuma naɗi zai fi tsayawa. Na san yawancin masu dogon gashi ba sa son jin maganar almakashi, ban kuma tilasta ba. Amma gashi mai tsawo ɗaya daga sama har ƙasa shi ya fi kowanne wahalar naɗi.

Abu ɗaya da nake hanawa ƙiri-ƙiri: kada ki yi gyaran nan na sinadari da ke ƙara wa gashi santsi da miƙewa daf da biki. Kin biya an miƙar da shi, sannan kina roƙonsa ya lanƙwashe.

Wanki

Ni na fi son a wanke kai da daren jajibiri. Gashin da aka wanke yanzu-yanzu sulɓi gare shi, yana zamewa daga ƙarfe da fil. Wanda ya kwana ya ɗan samu abin kamawa. Sai dai in fatar kanki mai saurin maiƙo ce, irin wadda kafin gari ya waye tushen gashi ya kwanta ya manne, to ki wanke da sassafe, ba laifi. Maiƙo ya fi sulɓi illa.

Ki yi amfani da shamfu mai wanke datti tas, wanda zai cire ragowar man da kika shafa a satin. Ki guji wanda aka rubuta yana sa laushi da sheƙi, domin yawancinsu suna barin wani lulluɓi na silikon a jikin gashi. Kwandishina ɗan kaɗan, daga saitin kafaɗa zuwa jela kawai, ki ɗauraye sosai. Babu mai, babu turara gashi, babu kirim mai nauyi. Duk waɗannan suna da kyau ga gashi, amma ki yi su sati ɗaya kafin nan. Ranar naɗi kina son gashin ya ɗan yi kaushi a hannu. In kin taɓa kin ji bai kai laushin da kika saba ba, kada ranki ya ɓaci, haka ake so.

Bayan wanki ki matse da tawul, kada ki goga. Yana da ɗan danshi sai ki sa kumfar gashi, wadda ake sayarwa a gwangwani ana ce mata mus. Ga gashi har kugu ina sa cikin tafin hannu 2, wani lokaci 3, kuma ba na tara ta a sama. Nakan raba gashin huɗu in bi kowane kashi da mataji mai manyan haƙora har jela. Mata da yawa suna tsoron kumfa wai tana sa gashi ya bushe ƙamas. Tana yin haka in an bar ta ta bushe da kanta ba a taje ba. In an busar da diraya, ba a ma ganin ta, amma tana nan ta lulluɓe kowane sili da siririn abu mai riƙe siffa. A wurina ita ta fi feshin da ake yi a ƙarshe muhimmanci. Bayan ita sai maganin kare gashi daga zafi, na feshi marar maiƙo.

Busarwa kuma sai an kai ƙarshe. Ki sunkuyar da kai ki busar da tushen yana ɗage, da yatsu kawai. Kada ki ja shi da buroshi ki miƙar, kada kuma ki bi shi da ƙarfen miƙarwa wai don ya kwanta kafin naɗi. In kin yi haka kin riga kin ɗaure shi a miƙe. Da kin ga kamar ya bushe, ki kashe diraya ki jira minti 2, sannan ki cusa yatsu a ƙeya da bayan kunne. Gashi mai ɗumi yana yaudara. In ya huce kin ji sanyi-sanyi a hannu, akwai sauran ruwa. Ƙarfe mai zafi a kan jiƙaƙƙen gashi yana tafasa ruwan da ke cikin silin, ya bar ƙananan kumburi a ciki, daga nan sai karyewa. In kin ji ƙarar cuwi ko kin ga tururi mai yawa, ki dakata.

Ƙarfe, zafi, da hannu

Ga inda zuciya ke yaudarar mutum. Kina son manyan naɗi masu sakewa irin na hoto, sai ki miƙa hannu ga ƙarfe mai kaurin milimita 32 ko 38. A gashi mai riƙo wannan daidai ne. A naki, naɗin da ya fito babba tun farko ba shi da inda zai je sai miƙewa. Ki ɗauki mai milimita 25. In a ranar gwaji shi ma bai tsaya ba, ki sauko 19. Naɗin zai fito a matse ya ba ki tsoro, amma cikin awa ɗaya nauyin gashin zai buɗe shi ya koma girman da kike so, ya tsaya a nan. Ki nemi ƙarfe mai dogon jiki kuma, don gashin ya samu wurin shimfiɗuwa ba tare da ya hau kan kansa ba. Gashin da ya hau ninki uku, na cikin ya ƙone, na wajen ko ɗumi bai ji ba.

Zafi ya danganta da kaurin silin gashinki, ba yawan gashin ba. Mai siraran sili, ko wadda ta yi rini ko aka kwashe mata launi, ta tsaya tsakanin digiri 150 da 170 a ma'aunin Salshiyas. Matsakaici 180 zuwa 185 ya ishe shi. Mai kaurin sili da bai taɓa shan sinadari ba zai iya kai wa 200. Wasu ƙarafan suna kai wa 230, ni dai ban taɓa ganin kan da ya buƙaci haka ba. Ƙara wuta ba ya sa naɗi daɗewa. Gashin da ya ƙone ma riƙonsa raguwa yake yi.

Ki raba kan hawa-hawa daga ƙeya zuwa sama, ki kama na saman da kilif. Kowane yankin da za ki naɗa kada faɗinsa ya wuce kaurin ƙarfen, wato santimita 2 zuwa 3, kuma ya zama sirara yadda zafi zai ratsa shi. Nan ne gajiya ke sa mutum ha'inci. Hawa biyu na farko za ki yi su da kyau, in hannu ya fara ciwo sai ki fara ɗibar gashi da yawa don a gama. Waɗannan manyan yankuna su ne za su fara saki, kuma su ne a sama inda kowa ke gani. Kai mai yawan gashi yana iya cin naɗi 40 ko fiye. Ki ware awa ɗaya da rabi zuwa 2, ki samu kujera mai kyau, in da hali ki samu mai miƙo miki kilif.

Kowane yanki nakan taje shi, in ɗan fesa masa feshi mai sauƙi daga nesa, in jira daƙiƙa kaɗan ya bushe, sannan in kai ƙarfe. Kada ki fesa ki ɗora ƙarfe nan take, feshin zai soyu ya manne.

Sai inda ake farawa. Yawancin mutane suna kama jela da bakin ƙarfe, wato sashen da ke matse gashi, su naɗe zuwa sama kamar tabarma. Haka jelar, wadda ita ce tsohuwa mai rauni, ta fi daɗewa a wuta, tsakiyar gashin kuma da ke ɗauke da nauyi bai sami komai ba. Ki juya abin. Ki ɗora ƙarfen kusa da tushe, kamar yatsu 3 daga fatar kai, tsininsa yana kallon ƙasa, ki naɗa gashin a jikinsa zuwa jela, jelar ta zama ta ƙarshen shiga. Ki bar gashin a shimfiɗe kamar ƙyallen ado mai faɗi da ake ɗaure kyauta da shi a jikin ƙarfe, domin kowane sili ya taɓa zafi. In ƙarfen marar baki ne wanda ake riƙe jela da yatsa, ki sa safar hannun da ake haɗowa da shi. Ina da tabo a ɗan yatsana da ke tuna min wannan.

Daƙiƙa 8 zuwa 10 sun isa. Ki taɓa bayan gashin da yatsa, in kin ji zafi ya fito waje, ya yi.

Yanzu ga wurin da na faɗi ranar bikin ƙanwata. Ki tara tafin hannunki a ƙarƙashin ƙarfe, ki zare shi a hankali, naɗin ya faɗo cikin hannunki a dunƙule kamar zobe. Kada ya rataya ko na daƙiƙa ɗaya. Ki tattara zoben, in ya warware ki sake naɗe shi a yatsu biyu, ki kai shi jikin kai, ki kama da kilif ko fil mai faɗi. Ki sa kilif ɗin ta cikin zoben ya kama gindinsa, kada ya danne shi gaba ɗaya ya bar shaida. Haka za ki yi wa kowane naɗi har kai ya cika da zobba. Ki tanadi kilif da yawa tun kafin ranar, don koyaushe sai sun gaza.

Gashin gaba, na gefen fuska, ki naɗa shi yana kallon baya, nesa da fuska, ta kowane gefe. Na bayan kai kuwa ni nakan sassaɓa, wannan dama wancan hagu. In duk sun bi hanya ɗaya, zuwa yamma sukan haɗe su zama ƙaton naɗi guda biyu, ɗaya a kowace kafaɗa. Wata tana son hakan, shi ne salon da ake tajewa ya yi igiyar ruwa. In shi kike so ki bi hanya ɗaya da gangan.

Da an gama, ki bar su aƙalla minti 30. Awa ɗaya ya fi. Shi ya sa nake ba amarya shawara a fara da kai, a yi kwalliyar fuska zobban suna kafe, sai a zo kwancewa a ƙarshe. Lokaci bai ɓace ba, mai kwalliya ma ta samu fuska a buɗe. In lokaci ya ƙure, diraya tana da maɓallin iska mai sanyi, ki bi zobban da ita. Kafin ki cire kilif ko ɗaya, ki cusa yatsa cikin zoben da aka yi na ƙarshe. In da sauran ɗumi, ba a gama ba, ko wa ke buga ƙofa.

Af, ki sa riga mai maɓalli a gaba kafin a fara. Na taɓa ganin an gama aikin awa 2 sannan aka tuna rigar jikin amarya sai ta kai ake cire ta. Kayan bikin ma, in ta kai ake sa su, a sa su zobban suna kafe.

Kwancewa

Ki fara daga ƙeya. Ki cire kilif, ki tallafi naɗin ya sauka da kansa. In kin gama za ki kalli madubi ki ga kanki cike da matsattsun naɗi kamar wayar tarho irin ta da. Kusan kowace amarya a nan take ɓata fuska. Ki yi haƙuri, kada ki taɓa. Ki fesa feshi mai riƙo daga nisan santimita 30, ki ɗaga gashin ki fesa ta ƙasa ma, ki bar shi minti 5.

Sannan ki ɗiga mai ɗigo ɗaya ko biyu a tafin hannu, ki murza har ya kusa ɓacewa, ki raba kowane naɗi biyu ko uku da yatsu. Ki tsaya tun yana matse fiye da yadda kike so. Sauran buɗewar, nauyi da lokaci za su yi miki ita kyauta. Buroshi ba ya zuwa kusa, sai in salon igiyar ruwa ake nema, shi ma mai laushi, a hankali. Feshi kuma sirara-sirara sau biyu ya fi a jiƙa shi sau ɗaya. Feshi mai yawa nauyi ne, kuma yana sa gashi ya yi ƙarau kamar busasshiyar ciyawa. In tushe ya kwanta, ɗan busasshen shamfu na feshi yana ɗaga shi.

Zan faɗa miki ra'ayina ko da ba ki tambaya ba. In gashinki ya wuce tsakiyar baya kuma bikin na yini guda ne, kada ki sake shi duka. Ki kama rabin sama ki ɗaure a baya da fil, ko ki tattara shi gefe ɗaya a kan kafaɗa. Fil ɗin zai ɗauke rabin nauyin, kuma ko naɗin ya ɗan saki da dare, kan yana nan da siffarsa, ba wanda zai ce ya lalace. In za a kafa mayafi ko abin ado, wurin ɗaurin nan shi zai riƙe shi. Mai ƙara gashi kuma ta tabbata na mutum ne kafin ta kai masa ƙarfe, don na roba da ba a yi shi don zafi ba narkewa yake yi. Na mutum sau da yawa ya fi na kai riƙe naɗi, har ya tallafi na kusa da shi.

In ba ki son wuta

Naɗin kwana yana aiki, kuma a wasu kawunan ya fi na ƙarfe daɗewa, don gashin ya yi awa 7 ko 8 yana bushewa a naɗe. Ana yi da rola mai lanƙwasa, ko doguwar safa, ko igiyar yadi da ake ɗorawa a tsakiyar kai a naɗa gashi ta gefe biyu. Sharaɗinsa ɗaya ne: gashin ya kasance ya kusa bushewa, danshi kaɗan da kumfa. Dogon gashi mai kauri in aka naɗe shi a jiƙe, gari zai waye cikinsa bai bushe ba, kina kwancewa ya miƙe. Da safe ki bi shi da diraya kafin ki kwance. Aibinsa shi ne ba ya fitowa iri ɗaya kullum, kuma barci da rola a kai ba daɗi, ga shi daren da kike buƙatar barci. Ga gashi mai tsananin taurin kai nakan haɗa biyun: ya kwana a naɗe, da safe in bi shi da ƙarfe in kafa zobba. Wannan bai taɓa ba ni kunya ba.

Akwai kuma naɗin sinadari, wanda ke kwance ɗaurin nan masu ƙarfi ya sake ƙulla su, ya yi watanni. Wani Bajamushe, Karl Nessler, ya nuna irinsa na farko a Landan a 1906. Na yau ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ba na ba da shawararsa don biki kawai. In bai yi miki ba, ba a wanke shi, kuma gashin da ya sha rini yana iya karyewa. Wadda ta nace ta yi shi wata 2 kafin biki, a hannun ƙwararriya, bayan an gwada a ɗan yanki.

Sauran yinin

Wanka kafin naɗi ne, ba bayansa ba, kuma kada ki shiga banɗakin da wata ta fito daga wankan ruwan zafi. A mota ki kawo gashin gaba ta kan kafaɗa, kada ki jingina a kansa. In wurin da zafi, ki riƙa ɗaga shi kina goge ƙeya da hankici, domin naɗin ƙasa daga zufar wuya yake fara mutuwa. Hannunki kuma ki kama shi. Ko ni in na ji naɗi a kafaɗata sai na ji ina son shafawa, kuma kowace shafa tana bar masa maiƙo da ɗumi. Hannun 'yan'uwa masu runguma ba yadda za ki yi da shi.

Ki ba ƙawarki ta kusa ƙaramar jaka: ƙaramin feshi, kilif 6, fil mai launin gashinki. In naɗin gaba ya saki, ba sai an nemi soket ba. Ta ɗan fesa masa, ta naɗe shi a yatsu biyu tun feshin bai bushe ba, ta kafa shi da kilif. Minti 10 yayin da kike gyara jan baki ko canza kaya, sai ta cire. In kuma dare ya yi, an yi rawa an yi gumi, na ƙasan duk ya sauka, ta murɗa gashin gaba ɗaya sako-sako ta kafa shi a ƙeya da fil 4 ko 5, ta bar sili biyu a gefen fuska.